Kundin aiki: layukan murya da katunan ko-ta-kwana a zoben SDH mai tasha huɗu

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Zoben, wato hanyar sadarwar faiba ta tsarin SDH da ta zagayo ta haɗe, yana da tasha huɗu, A, B, C da D, kowacce da akwatin Cisco ONS 15454 SDH guda ɗaya, an ɗaure su da faiba a kan babban layin haske na STM-16. Daga A zuwa B kilomita 38 ne, B zuwa C 52, C zuwa D 3, D zuwa A 61. Daga C kuma akwai reshe mai kilomita 9 zuwa tasha E, inda ƙaramar na'urar wani kamfani daban take, a kan ƙaramin layin haske na STM-1. Aikin kashi biyu ne: a ɗora layukan muryar ofisoshi a kan zoben, sannan a tabbatar babu katin da zai mutu shi kaɗai ya tafi da kira.

Ga yadda gurabe 17 na akwatin suke. Gurbi na 7 da na 11 na katunan TCC2P ne, su ke riƙe da bayanan saiti da agogo da hanyar sarrafa na'urar. Na 8 da na 10 na katunan mahaɗa ne, XC-VXL-10G, duk zirga-zirga ta cikinsu take bi. Na 9 na AIC-I ne, mai odawaya, wato layin maganar injiniyoyi, da ƙararrawar ɗaki. Katunan STM-16 suna 6 da 12. Katunan E1-42 kuwa, masu ɗaukar layukan E1 guda 42 da murya za ta bi, ba sa zama sai a 1 zuwa 4 ko 14 zuwa 17. A saman akwatin akwai wani jerin, 18 zuwa 29, na katunan FMEC, waɗanda wayoyin tagulla ke shiga.

Zagayen duba kaya ya nuna abu biyu da sai an gyara su kafin a taɓa saiti. A tasha B katin TCC2P ɗaya ne kacal, gurbi na 11 fayau, ƙararrawar PROTNA, mai nuna babu katin jira, tana nan a tsaye har idon masu gadin allo ya saba da ita. A tasha D an saka E1-42 na biyu a gurbi na 3 da niyyar ko-ta-kwana, amma FMEC ɗin da ke sama E1-120NP ne, wanda ba shi da hanyar juya siginal daga wannan kati zuwa wancan. Wato katin yana cin wuta ne kawai. An rubuta odar TCC2P ɗaya da E1-120PROA ɗaya. An kuma canza kalmar sirri ta asusun CISCO15 da na'urar ke zuwa da shi, an ɗauki kwafin bayanan kowane akwati.

Laraba, 10 ga Janairu

Wuta da haske. Kowane akwati yana shan bolt 48 ta baki biyu: batir A ta katin MIC-C/T/P a gurbi na 24, batir B ta MIC-A/P a gurbi na 23. A tasha B an bi wayoyin biyu da hannu har allon rabo, sai ga su sun haɗu a kan fis ɗaya. Allon CTC, manhajar sarrafa akwatunan, ba zai taɓa nuna wannan ba, domin a ganinsa baki biyu duk suna da wuta. An raba su, kowanne da fis ɗinsa, aka kashe ɗaya bayan ɗaya, BAT-FAIL ta tashi a ɓangaren da ya dace, akwatin bai girgiza ba.

Katunan STM-16 duka na dogon zango ne, masu hasken nanomita 1550, ajin L-16.2: suna fitar da haske tsakanin -2 da +3 dBm, suna karɓa daga -28 zuwa -9. A zangon C zuwa D mai kilomita 3 mitar haske ta nuna -0.4 dBm a bakin karɓa. Wannan ya wuce ƙarfin katin da kusan dB 9, shi ya sa ƙididdigar kurakurai ta B1 da B2 take hawa a wannan zangon alhali faibar lafiya lau. Da atinuweta, abin rage ƙarfin haske, mai dB 10 za a sauka -10.4, ya yi kusa da baki da yawa. An saka mai dB 15 a ɓangaren karɓa na kowane gefe, aka samu -15.4.

Zangon D zuwa A akasin haka ne. Kilomita 61 a kan kusan dB 0.22 kowace kilomita, a ƙara asarar ɗinki da kawunan haɗi, bai kamata asara ta wuce dB 16 zuwa 17 ba. Amma an karanta -23.6 a A. Madubin duba kai ya nuna ƙura a kan haɗin da ke allon haɗa faiba na ODF, ga shi kuwa murafun ƙofofin da ba a amfani da su duk an cire. Lokacin hunturu ne, ƙurar tana shiga ko ta ina. Bayan gogewa karatun ya dawo -16.2. An wanke matatar iska ta fankokin akwatunan huɗu, ta D har ta toshe.

Alhamis, 11 ga Janairu

TCC2P na tasha B ya iso. Saka shi ba wuya, haƙurin jira ne aikin. Sabon kati yana kwafar manhaja da bayanai daga mai aiki, yana kunna kansa fiye da sau ɗaya, fitilunsa suna ta canzawa, SFTWDOWN tana kan allo. Abin yana iya kaiwa rabin awa. Wanda ya zare shi a tsakiya don yana zaton ya maƙale, shi zai jawo matsalar da babu ita. Alamar gamawa ita ce fitilar ACT/STBY ta tsaya a ruwan ɗorawa, PROTNA ta sauka, kuma babu DBOSYNC, ƙararrawar saɓanin bayanan katunan biyu.

Daga nan aka sake kunna TCC2P mai aiki ta cikin CTC don a ga na jiran ya karɓa. Ya karɓa. CTC ya yanke na 'yan mintuna, wannan ba abin damuwa ba ne, zirga-zirga ba ta bin ta TCC. Sai dai a lura: wayar LAN ta sarrafawa a shigar da ita ta MIC-C/T/P, kada a maƙala ta a fuskar kati ɗaya, in ba haka ba ranar da aka zare katin an zare hanyar shiga akwatin. An juya katunan mahaɗa daga 8 zuwa 10 a komo a duk tashoshin, ta shafin Maintenance, sashen Cross-Connect. Auna tsawon yankewar sai an ɗora layuka.

Litinin, 15 ga Janairu

Agogo. Tasha A tana karɓa daga na'urar GPS ta bakin BITS, ƙofar shigar agogon waje. B, C da D suna ɗauka daga layi, zaɓi na farko gefen da ya fi kusa da A, na biyu ɗaya gefen, na uku agogon cikin gida. An kunna SSM a duk ƙofofin STM-16, domin bayit S1 ya riƙa faɗa wa maƙwabci darajar agogon da ake miƙa masa, kuma ya mayar da DUS, wato kada a yi amfani da wannan agogon, ga wanda ake sha daga wurinsa. A C an tarar an kashe SSM a gurbi na 12. Da faiba ta yanke a haka, C da D za su iya komawa kowa yana bin agogon ɗan'uwansa, babu mai bin GPS, kuma ba ƙararrawar da za ta fito ta faɗa. An gyara.

Laraba, 17 ga Janairu

Daren jiya aka canza FMEC na tasha D. Wannan aiki ne mai yanke layi, babu dabara. E1-120PROA yana cin gurabe huɗu na sama, 18 zuwa 21, yana hidimar katunan ƙasa na 1, 2 da 4, na 3 kuma shi ne na ko-ta-kwana. Ɗan'uwansa E1-120PROB yana 26 zuwa 29, katin jiransa a gurbi na 15. Kowane kan waya mai fil 96 yana ɗauke da ƙofa 21, kenan biyu ga kowane kati. An yi wa kawunan lamba kafin a zare, domin kamarsu ɗaya, kuma in aka musanya na 1 zuwa 21 da na 22 zuwa 42 duk fitilu za su yi kore amma kowane layi ya tafi gidan wani.

Ƙirƙirar rukunin kariyar a shafin Provisioning ne, sashen Protection: nau'i 1:N, katin kariya gurbi na 3, sai a jawo katunan aiki. A wannan nau'in komawa dole ce, ba a kashe ta. Abin da ake zaɓa shi ne tsawon jira kafin a koma, daga rabin minti zuwa minti 12. An bar shi a minti 5. Akwai masu son a rage zuwa rabin minti don katin jira ya yi saurin samun kansa. Ba mu bi wannan ba. Katin da ke mutuwa yana farfaɗowa, in an ba shi gajeren jira, zai riƙa fizgo layuka yana sakewa, kowace fizga kuma yankewa ce a kunnen mai kira.

A tasha A katunan aiki biyu ne, gurbi na 1 da na 2, katin jira ɗaya. Ma'anar 1:N ke nan, mutuwa ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Saboda haka tsarin rabon ƙofofi ya zama: kowace tasha tana da E1 biyu na murya zuwa A, ɗaya ya sauka a kati na 1, ɗaya a kati na 2. In katuna biyu suka faɗi tare, kowane ofis zai rasa rabin layukansa, ba duka ba.

Reshen E kuma an yi masa 1+1, wato kati ɗaya na aiki ɗaya na kariya, da katunan STM-1 biyu a C, gurbi na 5 da na 13, ƙofa ta 1 tana kare ƙofa ta 1, domin lambar ƙofa sai ta zo ɗaya. Da farko an gwada juyawa ta ɓangare biyu, wadda ke buƙatar na'urorin su fahimci juna ta bayit K1 da K2. Ba su daidaita ba, in wannan ya juya wancan sai ya tsaya. An mayar da duka gefen biyu juyawa ta ɓangare ɗaya, marar komawa: kowa ya zaɓi hasken da ya fi masa kyau. A rubuta a ajiye, silin faiba huɗun nan duk cikin kebul ɗaya suke, rami ɗaya. Kariyar tana maganin mutuwar kati da lalacewar kan haɗi, ba ta maganin diga.

Litinin, 22 ga Janairu

An fara ɗora layukan. Kowane E1 megabit 2.048 ne, tsagi 32 masu kilobit 64. Tsagi na 0 na daidaita firam ne, na 16 na siginar kira, saura 30 na murya. E1 takwas na PRI, wato layukan kira na dijital, tsakanin na'urorin PBX masu raba kiran ofisoshi, biyu-biyu daga A zuwa B, C, D da E, wato kira 60 a lokaci ɗaya ga kowace tasha. Sai wasu huɗu na na'urorin PCM masu layukan tarho na gargajiya.

Kowane E1 yana hawa VC-12 ɗaya, wato ƙaramin mazubinsa a cikin SDH, babban mazubi VC-4 ɗaya kuma yana ɗaukar 63. An ƙirƙiri da'irorin a matsayin VC12 masu cikakkiyar kariya, wato SNCP: ana aika siginal ta gabas da ta yamma a tare, mai karɓa ya zaɓa. Kafin a danna gamawa a riƙa duba taswirar hanyar da CTC ya zana, a ga hanyoyin biyu ba su bi zango ɗaya ba. A kuma riƙa leƙa yawan abin da ya rage a mahaɗar ƙananan da'irori, domin da'irar SNCP tana cin wuri fiye da marar kariya a tashar da take sauka.

Na B, C da D sun hau lafiya. Na E ne suka tsaya: E1 na farko ya tashi, na biyu yana ba da LP-UNEQ, alamar an haɗa shi da wofi. Dalilin lissafin lamba ne. CTC yana kiran VC-12 da lamba uku, TUG-3, TUG-2 da TU-12, kamar 1-1-2. Na'urar E kuwa lamba ɗaya take nunawa, 1 zuwa 63, kuma hanyar ƙirga ta biyu ce a duniyar SDH. A hanya ɗaya lambar ƙarshe ce ke fara juyawa, 1-1-2 shi ne na 2. A ɗayar lambar farko ce ke fara juyawa, sai 2-1-1 ya zama na 2, shi kuwa 1-1-2 ya koma na 22. Na 1 ne kawai da wasu 20 suke faɗuwa wuri ɗaya a duka biyun, shi ya sa layin farko yake yaudarar mutum. Na'urar E ta hanya ta biyu take ƙirga. An mayar da da'irar can kan lamba 22, ƙararrawar ta sauka nan take. An buga jadawalin 63 ɗin da lissafin biyu gefe da gefe, an manna a ƙofar rak na C da na E.

Don kada irin wannan ya wuce a ɓoye nan gaba, an rubuta alamar J2 a kowace da'ira, misali A01-E01. In an haɗa layi da wanda ba nasa ba, LP-TIM za ta tashi. UNEQ tana kama wanda aka haɗa da wofi ne kawai, ba ta kama wanda aka haɗa da layin maƙwabci.

PBX na tasha C tsoho ne, bakinsa om 75 ne mai kan BNC, katin E1-42 kuwa om 120. An saka balun, abin daidaita om 75 da 120, a allon haɗa wayoyin E1 na DDF. Ba a yarda da haɗa su kai tsaye ba ko da layin ya tashi, domin yakan tashi ɗin, sai kurakuran lamba su riƙa taruwa a hankali.

Talata, 23 ga Janairu

An bar na'urar gwaji tana zuba jerin bit na gwaji, PRBS 2^15-1, a kan E1 ɗaya na kowace tasha, an juyo da siginal ɗin baya a DDF na can. Babu kuskure. Da aka haɗa PBX kuwa sai matsala biyu suka fito, kuma babu wadda ta shafi zoben.

Ta farko, PRI na A zuwa D yana tashi yana faɗuwa. PBX na A ya kunna CRC-4, na D bai kunna ba. Wanda ya kunna yana neman jerin CRC a tsagi na 0, in bai samu ba sai ya ɗauka firam ɗin na bogi ne ya sake nema. An kunna a D. A katin E1-42 ma an mayar da nau'in layin E1_CRCMF. Katin ba ya taɓa abin da ke cikin E1, amma da wannan saitin yake sanin abin da zai sa wa ido, in ya saɓa sai ya yi ta kukan LOF, wato ɓatan firam, a kan layi mai lafiya. Sannan a PRI dole gefe ɗaya ya zama na cibiya, ɗaya na mai amfani. A ne cibiya a duka takwas ɗin.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Murya tana fita garau tsakanin A da B, amma faks yana yankewa, kuma PBX na B yana ƙirga zamewar firam kusan ɗaya kowane daƙiƙa 20. Firam ɗaya mikrodaƙiƙa 125 ne, a raba da 20, bambancin agogon biyu ya kai kashi 6 cikin miliyan. Kowane PBX yana bin agogon cikinsa. Mutane da yawa suna ɗauka tunda zoben yana kan GPS, E1 ɗin ma ya samu. Ba haka ba ne. VC-12 yana ɗaukar E1 da bugun da ya shigo da shi, ya sauke shi da wannan bugun, agogon SDH bai shiga tsakani ba. Gyaran a PBX yake: na A ya sha daga GPS, sauran su ɗauka daga E1 da ke zuwa daga A, na farko zaɓi na ɗaya, na biyu zaɓi na biyu. Zamewar ta tsaya. Wannan ya isa ga PBX, amma kada a ɗauki E1 da ya ratso SDH a ciyar da agogon wata na'urar SDH, motsin manunin TU-12 yana sa masa rawa.

Litinin, 29 ga Janairu

Na'urorin PCM. Katin FXO yana gefen PBX a A, FXS yana gefen tarho a tashoshi, shi ke ba da wutar layi da ƙarar kira. Waɗannan E1 ɗin CAS ne, tsagi na 16 yana ɗauke da bit huɗu, ABCD, ga kowane layi, a zagayen firam 16. An duba cewa babu layin da aka saita ya aika 0000, domin wannan ita ce alamar farkon zagayen, tana rikita mai karɓa. Dukansu A-law. An tura sautin gwaji na 1020 Hz a kowane layi an auna a can. Biyu sun dawo da amsa-kuwwa mai ƙarfi, an tarar saitin bakinsu ba om 600 ba ne.

Abin lura ga gwajin mako mai zuwa: lokacin juyawa, na'ura tana iya ganin AIS na ɗan lokaci, wato bit duka 1. In PCM ya yi saurin gaskata ABCD na wannan lokacin, zai ɗauka an ajiye waya. An saita shi ya daskare da halin da layi yake ciki na daƙiƙa biyu kafin ya saki kira.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Odawaya, layin da injiniyoyi ke magana da juna daga rak zuwa rak ba tare da PBX ba. Ba ya cin VC-12, a saman firam ɗin STM yake tafiya: na gida a bayit E1, na zarce a bayit E2, kowanne kilobit 64. Sunan bayit ɗin E1 bai da alaƙa da layin E1, a kiyaye wajen rubuta rahoto. A fuskar AIC-I akwai ramin RJ-11 biyu, LOW da EOW, tarho na gida mai maɓallan DTMF ya isa, a kan fil na 3 da na 4. Ana danna tauraro da lamba huɗu ta tasha, ko *0000 a kira kowa.

Ana ƙirƙirarsa daga taswirar zoben, Provisioning, Overhead Circuits, zango-zango. A zaɓi A_Law a ko'ina. In gefe ɗaya ya zama Mu_Law za a ji magana amma a shaƙe, sai a yi ta zargin tarho.

Doka ɗaya ce ba a karyawa: kada odawaya ya rufe zobe. Kowace tasha tana zuba abin da ta ji a ɗaya gefen, in hanya ta zagayo sai sautin ya yi ta bin kansa, kamar makirufo da aka kai bakin lasifika, layin ya mutu ga kowa. Dole a bar zango ɗaya a buɗe. Kuma SNCP ba ta kare shi, AIC-I ma ba shi da na jira. Ga shi kuwa ranar da faiba ta yanke aka fi bukatarsa.

An daɗe a kan wannan. Abin da aka tsayar: na gida ya bi A, B, C, D, a bar D zuwa A a buɗe. Na zarce ya bi B, A, D, C, a bar B zuwa C a buɗe. An zaɓi zangunan nan biyu ne don su suka fi tsawo, kuma su ke bin gefen titin da ake yawan haƙa. In D zuwa A ya yanke, na gida bai ma sani ba. In B zuwa C ne, na zarce yana nan cikakke. In C zuwa D ne, A yana samun C ta na gida, D ta na zarce. Saura A zuwa B: a nan B ya ɓace wa A ta duka biyun, sai dai C ya isar da saƙo, ko a ƙirƙiri zangon D zuwa A na wucin gadi a CTC, a tuna a goge shi kafin a gama ɗinkin faibar. An rubuta matakan an liƙa a A. Kowane akwati ƙarshen odawaya huɗu yake ɗauka, tsarin nan bai wuce uku a ko'ina ba. Tasha E ba ta shiga ba, an ba ta layin FXS ɗaya a jikin rak.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Gwajin karya abubuwa da gangan, daga ƙarfe 12 na dare, da na'urar gwaji tana auna tsawon yankewa a kan E1 ɗaya, da kira biyu a buɗe, ɗaya ta PRI ɗaya ta FXS. Ma'aunin shi ne kada a wuce milidaƙiƙa 50.

Zare faiba a kowane zango na zoben ya ba da tsakanin 14 da 31. Juya mahaɗa ta CTC bai kai 10 ba, zare katin mahaɗa mai aiki da hannu ya ba da 38. Juya E1-42 na gurbi na 1 ta umarni, 24, zare shi, 41. WKSWPR, alamar katin jira ya karɓa, ta fito, da aka mayar da katin ya gama tashi WTR, jiran komawa, ta ƙirga minti 5, layuka suka koma da wata gajeriyar yankewa. A riƙa lissafa wannan ta biyun, kowace mutuwar kati yankewa biyu ce. Kiran biyu ba wanda ya faɗi, ɗan ƙas kawai ake ji.

A A an zare kati na 1, aka bar shi a waje, aka zare na 2. Kamar yadda aka zata, layukan na 2 suka tafi, kowace tasha ta rage da PRI ɗaya. PBX na B da C da E suka mayar da sababbin kira kan wanda ya rage. Na D bai yi ba, an tarar E1 biyun ba sa cikin rukuni ɗaya a jadawalin fitar kiransa. An haɗa su.

A C kuwa da aka zare katin aiki, na jira bai karɓa ba sam. Shafin ƙararrawa babu abin da ya nuna tun farko. A shafin Conditions aka ga INHSWPR, alamar an hana juyawa zuwa katin jira: an taɓa sa wa katin Lock On lokacin wani gyara, ba a cire ba. Irin wannan ba ya kunna fitila, ba ya ƙara. An cire, aka maimaita, 43. Daga yau duba shafin Conditions ya shiga takardar rufe kowane aiki, a nemi INHSWPR, da LOCKOUT-REQ, da duk wata juyawar dole da aka manta.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

PRBS na awa 24 a kan E1 huɗu ya ƙare babu kuskure. An ɗauki sabon kwafin bayanan akwatunan, an ajiye a wuri biyu.

Abu uku suna jiran amincewa. A tasha A katunan aiki biyu da na jira duk ta E1-120PROA ɗaya suke fita, in shi ya lalace rabon da aka yi tsakanin gurbi na 1 da na 2 bai hana komai ba. Shawararmu a mayar da kati na biyu gurbi na 14, a sayo E1-120PROB da wani E1-42 na gurbi na 15. Na biyu, AIC-I ɗaya na ajiya a sito. Na uku, hanya ta biyu zuwa E, ko da rediyo ce mai ɗaukar E1 biyu. An aika farashin na farko da na biyu. Na uku sai an hau hasumiyar C an duba ko ana hango E, an sa ranar Talata in ƙura ta lafa.